Ina aka kwana a kan kuɗin binciken shara, ga buntu da leda sun cika mana gari?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe don Allah ka ɗan sam min fili a jaridar nan tamu in yi magana a kan kuɗin gwamnati da ake fitarwa da sunan bincike kan rage shara da sake sarrafa ta. Maganar ta daɗe tana damuna, kuma na ga in ba mu muka tada ita ba to ba wanda zai tada mana.

Tun farko dai a gane, ni ba na cikin masu cewa bincike ɓata kuɗi ne. Wallahi ina ganin girman malamanmu na jami'a da na foliteknik, kuma na san da yawansu da albashinsu suke sayen kayan gwaji. Abin da nake tambaya kawai shi ne, kuɗin da aka fitar, wa aka ba, nawa aka ba shi, me ya ce zai yi, kuma a ƙarshe me ya fito? Kuɗin nan fa ba daga aljihun wani mai hali suka fito ba. Asusun TETFund da ke tallafa wa bincike a manyan makarantun gwamnati da harajin da ake cirewa daga ribar kamfanoni ake cika shi, harajin ilimi da can kashi 2 cikin ɗari ne, aka ɗaga zuwa 2.5, a 2023 ya kai kashi 3, kuma duk wanda ya san kasuwa ya san kamfani ba ya haɗiye haraji shi kaɗai, a kan kuɗin siminti da suga da katin waya yake dawo mana da shi. Ga kuma Asusun Muhalli da aka kafa tun 1981 wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke da kasonsu a ciki. Saboda haka ko mai tallan albasa a Aliero yana da haƙƙin ya tambaya.

Mu nan Kebbi ba sai an je nesa neman abin bincike ba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, a 2017 aka buɗe katafaren kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu, ga Labana a Birnin Kebbi, ga ƙananan injinan casa da ba su ƙirguwa a Jega da Yauri da Suru da Kamba da sauransu. To ita shanshera in aka cashe ta, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta buntu ne, wato buhu mai kilo 100 zai bar maka kamar kilo 20 na buntu. Manyan kamfanoni suna iya ƙona nasu a tukunyar tururi su gumi shinkafa da shi, masu kiwon kaji ma suna ɗiba su shimfiɗa, amma na ƙananan injina yawanci tsibi ake yi a bayan gari a cinna masa wuta, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa ya san buntu ba ya ci da wuri, kwana da kwanaki yana cin ciki yana hayaƙi, masu asma da tsofaffi su ke shan wahala, ga haɗarin yaro ya taka toka yana zaton ta huce alhali wuta na ƙasa.

Abin da zai ba ka takaici shi ne ilimin amfani da buntun nan ba sabo ba ne. An san ana babbaka shi a haɗa da sitaci ko ƙaro a matse a shanya ya zama gawayin girki. An san tokarsa na da sinadarin silika mai yawa, ana iya gauraya ta da siminti wajen buga bulo. Ɗalibai da yawa da wannan suka rubuta furojet ɗin kammala karatu. To in haka ne me ya sa har yau matanmu ke sayen itace da gawayi da tsada, ana ta sare ɗan abin da ya rage mana na itatuwa, hamada na ƙara matsowa ta arewacin jiha? A ganina amsar ita ce binciken yana tsayawa a inda ya kamata ya fara. Gawayin buntu yana da toka da yawa, in ba a matse shi da kyau ba yana wargajewa a hanya, kuma uwargida ba ruwanta da sunan mujallar da aka buga sakamako, ita dai ta ga ko zai dafa mata wake ya nuna, kuma ko ya fi gawayin kasuwa araha. Wannan gwajin a gidajen mutane, da lissafin nawa kilo ɗaya zai tsaya wa mai sana'a bayan ya biya kuɗin wuta da lebura da dako, shi ne aikin gaske, kuma shi ne ba mu gani.

Na taɓa zuwa baje kolin wata makaranta, ba zan kama suna ba, aka nuna mana injin matsa buntu an shafe shi da koren fenti, manyan baƙi suka yi tafi aka ɗauki hoto. Na tambayi nawa ne in mutum yana so, kuma a ina zai samu kayan gyara in ya lalace, sai aka ce in dawo daga baya. Da na koma injin yana cikin sito ƙura ta rufe shi, malamin da ya ƙera shi kuma cikin damuwa ya ce min ragowar kuɗin aikin ne ba a sake masa ba. Ka ga ke nan laifin ba lallai na mai bincike ba ne, wani lokaci shi ma an zalunce shi ne, amma tunda ba a buɗe takardu kowa ya gani ba ta yaya za mu bambance wanda ya ci kuɗi da wanda aka hana kuɗi? Rufa-rufar nan mai gaskiya take cutarwa.

Sai maganar leda, musamman ta fiya-wata da baƙar ledar cefane. Ita ke toshe mana kwalbatoci da damina, ruwa ya rasa hanya ya shiga gidaje, sauro ya samu wurin haihuwa. Ka tambayi duk wani mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuya ko saniyar da ta yi kiwo a cikin gari, dunƙulen leda ne, dabba ta yi ta ramewa mai ita yana ta sayen magani bai san dalili ba. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar kula da sharar roba tun 2020, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, tana nan tun 2007 kuma tana da tsarin da ya ce kamfanin da ya samar da kaya shi ma yana da alhakin kwashe sharar kayansa, Legas ta hana amfani da farin mazubin abincin nan na soso a farkon 2024. A takarda dai ba abin da aka rasa.

Amma waɗanda ke sake sarrafa shara da gaske a garuruwanmu su ne 'yan bola-jari da 'yan gwangwan, ba su da ofis ba su da alawus, kuma sun fi kowa sanin lissafin harkar. Suna ɗaukar ƙarfe da alminiyon da dalma da roba mai tauri domin suna da nauyi a sikeli, leda kuwa sai ka tara ɗaki guda kafin ta yi wani kilon kirki, kuɗin motar kai ta Kano ya cinye ribar, shi ya sa suke tsallake ta. To mai binciken da ya karɓi kuɗin jama'a kan leda bai zauna da mutanen nan ba, me ya bincika? Ƙaramin injin matse leda ta zama dunƙule mai nauyi, ko hanyar narka ta da yashi a yi intalok ba tare da hayaƙin ya kashe mai aikin ba, su ne abin da za su canza lissafi, kuma a filin 'yan gwangwan ya kamata a gwada su, ba a zauren taro na otal ba. Ga wata kuma da ke tafe wadda ta fi ba ni tsoro, tsofaffin batiran sola da suka fara yawa, yara na fasa su da guduma suna zubar da ruwan a ƙasa su ciri dalma da hannu.

Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara bai kamata a yi mana bayanin illar dalma ba. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Garin Bagega ya daɗe yana jiran a kwashe gurɓatacciyar ƙasa, likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suna cewa ba amfanin ba yaro magani ya koma ya kwanta a kan gubar, gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850 a 2012 amma kuɗin ba su fito ba sai a farkon 2013, bayan matasan Follow The Money masu bibiyar kuɗin gwamnati irin su Hamzat Lawal da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun yi ta matsa lamba. Da an yi shiru an bar wa Allah kamar yadda muka saba, Allah kaɗai ya san yaran da za a ƙara binnewa. Bibiyar kuɗi ce ta sa aikin ya motsa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin manyan makarantunmu, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, Waziri Umaru Foliteknik da jami'ar aikin gona ta Zuru, ba don ina zargin kowa ba, su riƙa liƙa jerin duk binciken da aka biya da kuɗin jama'a a shafinsu na intanet da allon sanarwa, da adadin kuɗin da aka amince, da wanda aka sake, da inda aikin ya tsaya, ko da bai yi nasara ba a faɗa, domin wani kada ya sake karɓar kuɗi ya maimaita abu ɗaya. A yi taƙaitaccen bayani da Hausa a karanta a rediyo, mai injin casa ya ji. Ma'aikatar muhalli ta jiha ita ma ta gaya mana kason Asusun Muhalli nawa ya shigo kuma me aka yi da shi, 'yan majalisarmu na kwamitin bin diddigin kuɗin gwamnati kuma su daina tsayawa a kan rasit, su je su ga injin yana aiki ko ba ya aiki.

Ku kuma 'yan jarida, Malam Edita, dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa in an rubuto mata. Don Allah ku tura wakilinku na Kebbi ya rubuta wa makarantun tarayya da ke jihar nan ya nemi jerin binciken shara da aka biya a 'yan shekarun nan, ku buga mana amsar da suka bayar, wanda bai amsa ba shi ma ku buga. In yana son ganin tsibin buntun da 'yan gwangwan ɗin da nake magana, ni zan raka shi da kaina.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
daga Birnin Kebbi, Jihar Kebbi