Zuwa ga Ɗana Sani a Indiya

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, ya karatu? Mu nan lafiya lau. An gama girbin gero, ƙafar Innarka ma ta yi sauƙi.

Kwana goman nan da wayarka take kashe su suka sa na ɗauki biro. A bakin Hajara na ji, ba a bakinka ba, wai zaman shiru ka je wurin mutanen Buddha. Ta ce ka ce kada a tayar da hankali, abin ba addini ba ne, falsafa ce kawai.

Ban tsufa da alli a hannu a banza ba, na san mutumin. Buddha ɗin nan sunansa Siddhartha Gautama, ɗan sarki ne, an haife shi a Lumbini cikin Nepal ta yau, wajen shekara 500 kafin Annabi Isa (AS). Yana ɗan shekara 29 ya bar gida da mata da jariri ya shiga daji. Ya ce duniya wahala ce, tushen wahalar kuma kwaɗayi. Ya hana kisa da sata da zina da ƙarya da kayan maye, wannan ba ni da ja. Bai kuma kira mutane ga wani Mahalicci ba, nan ne masu cewa falsafa suka samu abin riƙewa.

To amma wace falsafa ce ke da ɗakin ibada, da mutum-mutumin da ake kunna wa turare ana rusunawa? Suna da masu aske kai da suka bar aure suna yawo da ƙoƙon bara. Suna tafiya ziyara Bodh Gaya, garin da suka ce a nan ya samu wayewa. Sun yarda in an mutu ana sake dawowa gwargwadon aikin da aka yi. A 1956, a birnin Nagpur na Indiya, wani jagoran talakawa mai suna Ambedkar ya ja dubban ɗaruruwan mutane suka bar addinin Hindu suka karɓi na Buddha. Su dai ba su ce darasi suka shiga ba.

Duk wannan ma ba shi ke hana ni barci ba. Salla, Sani. Na bincika, irin zaman nan akwai inda sharaɗinsu shi ne kowa ya ajiye ibadarsa har a tashi. Kwana goma salla hamsin ke nan. Ka yi su? A ina ka yi alwala, ina ka fuskanta? Kai da nake saɓa ka a kafaɗa zuwa asuba cikin hunturu, kana kukan sanyin ruwa? Da Allah ya ɗauki ranka a kwana na bakwai, da me za ka je? Abin da zai ce maka dakata da sujada, ko me sunansa, ya riga ya shiga gonar addini.

Lokacin da na sayar da fadamar nan don karatunka ka san abin da Baffa Idi ya faɗa a zaure, ka san amsar da na ba shi. Har gobe ina kan bakana, ilimi ba ya ɓatar da ɗan halak. Kada ka sa ya yi mini dariya.

Na san kaɗaici da nauyin karatu ne, ba taurin kai ba. In natsuwa kake nema, ka tashi cikin dare ka yi nafila, ka riƙe carbin kakanka. Littattafansu kuwa karanta, ban hana ba, in ka dawo ma mu yi muhawara.

Innarka ba ta san komai ba tukuna, na ce mata jarrabawa ce. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, ni kaɗai. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Ringim