Kafin a ɗora wa bawul laifi, a fara musanya wayoyi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan tsofaffin amfilifayoyi, na'urorin ƙara ƙarfin sauti, masu bawul, wato ƙwayayen gilashin nan da ke yin ja idan na'ura ta ɗauki zafi, musamman idan lasifika ɗaya tana fita da ƙarfi, ɗayar kuwa sai an kasa kunne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya wani bawan Allah ya kawo mini amfilifayar da ya gada daga mahaifinsa, Leak Stereo 20, ƙirar Ingila wadda ta fara fitowa a 1958, mai bawul EL84 guda huɗu da ECC83 guda uku. Kukansa shi ne ɓangaren dama ya yi sanyi. Wani mai gyara ya riga ya gaya masa cewa bawul ɗin ne suka mutu, har ya ba shi shawarar a kwashe kayan cikin a dasa allon zamani, alhali ko mita bai ɗora mata ba.

Wannan ciwo ba ya buƙatar duba na ƙasa, domin na'urar sitiriyo, mai fitar da sauti ta hagu da ta dama, tagwaye ce, kowane ɓangare ma'aunin ɗan'uwansa ne. Da farko a musanya wayoyin da ke shigo da sauti, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. Idan raunin ya yi ƙaura zuwa ɗaya lasifikar, to amfilifaya ba ta da laifi, a nemi matsalar a garmaho ko allurarsa ko wayar kanta. Idan bai motsa ba, sai a kashe na'urar a musanya lasifikokin, idan raunin ya bi lasifikar, to ita ce mai laifi. Na ce a kashe da gangan, saboda amfilifaya mai bawul ba ta jure yin aiki babu lasifika a jone, hakan yana iya ƙona taransifomar fitar sauti, wadda ita ce mafi tsada da wuyar samu a duk cikin akwatin.

Bayan nan sai a koma kan maɓallan murya da na daidaita hagu da dama, waɗanda a irin wannan ƙira suke a wani akwati daban. Ƙurar hunturu tana shiga cikinsu, kuma alamar ita ce ƙarar ƙarce-ƙarce idan ana murɗawa. Feshin wanke mahaɗan lantarki yakan wadatar. Akwai kuma maɓallin da tun asali hanyoyinsa biyu ba sa tafiya tare idan murya tana ƙasa sosai, sai an ɗaga su daidaita, wannan kuwa canza shi ake yi. Masu zargin ƙarancin wuta su sani cewa idan wuta ta yi ƙasa, ɓangarorin biyu take raunanawa tare.

Sai an wuce duk wannan ake taɓa bawul. A bar su su huce, a musanya na hagu da na dama masu lamba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ana saurare bayan kowane sauyi. Sau da yawa ma cirewa da mayarwar kaɗai ke warkar da ciwon, domin tsatsa ce ta kama ƙafafun bawul a mazauninsa. Sai dai a lura, ECC83 bawul biyu ne a gilashi ɗaya, kuma a wasu na'urori rabinsa yana yi wa hagu aiki, rabi dama, don haka sai da wani lafiyayye daga waje za a gane gaskiyarsa. Kuma ko ya tabbata ya mutu, ba ƙarshen na'urar ba ke nan, tun da har yau ana ƙera waɗannan lambobi a Rasha da Sin da Sulobakiya.

Abin da matasan masu gyara ba su cika sani ba shi ne, yawancin waɗannan amfilifayoyi suna mayar da ɗan kason sautin da ya fita zuwa mashiga domin ya ja wa ƙarfin linzami. Saboda haka bawul yana iya tsufa ƙwarai ba tare da murya ta ragu a zo a gani ba, amma rezista, wato ɗan abin da ke taƙaita gudun wuta, ɗaya tak a wannan hanya, idan ƙimarsa ta sauya, nan take ma'auni ya karkace. Tsofaffin rezistoci na gawayi kuwa halinsu ne ƙimarsu ta hau da shekaru da zafi, kamar yadda kwandansa, wato ma'ajiyar wuta, ke bushewa ko ta fara yoyon wuta. A nan dole in ja kunne: a cikin akwatin akwai wutar da ta haura bolt 300, kuma kwandansa tana riƙe ta ko bayan an zare fulogi, don haka wanda bai iya sauke ta ba ya tsaya a musanyar wayoyi.

Da na auna na'urar mutumin nan wuri-wuri, ina kwatanta hagu da dama, sai na tarar ɓangaren daman da ake zargi lafiyarsa ƙalau. Na hagun ne rezistarsa ta hau, linzamin ya saki, yake ihu fiye da ƙa'ida har ya danne ɗan'uwansa. Na canza rezistocin ɓangarorin biyu da sababbi masu ƙima ɗaya, na mayar masa da bawul ɗin mahaifinsa duka a mazauninsu, muka ɗora faifai, muryar mawaƙin ta dawo tsakiyar ɗaki.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mai gyaran rediyo,
Tudun Wada, Zariya.