Maigidana Ya Ƙi Cin Kayan Lambun da Likita Ya Ce Ya Ci

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya tare da iyalinki da abokan aikinki. Na rubuto ne domin ki taimaka mini da dabarun sarrafa kayan lambu waɗanda zan riƙa haɗa wa maigidana a gefen abincinsa, saboda yana fama da hawan jini kuma sukarinsa ya hau, amma ba zan ɓoye miki ba, ina wannan rubutu ne raina a ɓace, domin yayarsa ta faɗa mini maganar da har yanzu ba ta bar ƙirjina ba. A gaban baƙi ta ce na mayar da ƙanenta akuya, kullum ganye, kuma wai idan wani abu ya same shi ta san wadda za ta kama.

Bari in fara daga asibiti domin ki fahimci inda abin ya samo asali. An auna jininsa a lokuta daban-daban ana samun sa sama da 140 bisa 90, sai likita ya ɗora shi a kan magani, sannan gwajin sukari ya nuna shi ma yana bukatar kulawa. Ina zaune a wurin likitan ya ɗauki takarda ya zana faranti, ya raba shi gida biyu, ya ce rabi guda kayan lambu ne waɗanda ba su da sitaci, kamar kabeji da karas da koren wake da alayyafo da kokwamba da tumatir. Ɗaya rabin kuma ya sake raba shi biyu, ɓangare guda na kifi ko kaza ko wake ko ƙwai, ɗayan na shinkafa ko taliya ko dankali. Ya gaya mana Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a kowace rana, kuma ba a lissafa dankali da rogo a ciki, sannan gishirin da zai ci a wuni kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi guda ba. Ya ƙara da cewa wannan awo ya haɗa da gishirin da ke ɓoye a cikin dunƙulen ɗanɗano da burodi da abincin gwangwani. Maigidana yana wurin, ya ji da kunnensa, har ya ce wa likitan in sha Allahu zai kiyaye. Na yi wannan dogon bayani ne saboda yanzu ana nuna kamar ni na ƙirƙiro dokar don in huta da girki.

Malama, Allah ya sani ban huta ba, aikina ma ƙaruwa ya yi. Na koyi cewa idan aka daɗe ana tafasa ganye a ruwa mai yawa, bitamin C da wasu sinadarai masu narkewa a ruwa suna fita su bi ruwan da za a zubar, shi ya sa na koma turarawa. Ina yanka karas dogo-dogo, in cire wa koren wake kai da gindi, in ɗora su a rariyar ƙarfe a kan tukunyar ruwa mai tafasa, in rufe na 'yan mintoci har su yi laushi ba tare da launinsu ya mutu ba, sannan in zuba musu ɗan man zaitun da tafarnuwa da ruwan lemun tsami. Ɗan man yana da amfani, domin sinadarin da ke cikin karas wanda jiki ke mayarwa bitamin A ya fi shiga jiki idan akwai maiƙo kaɗan. Kabeji kuwa ina yanka shi siri-siri, in soya albasa da citta a cokali guda na mai, in zuba shi a wuta mai ƙarfi ina juyawa, in sauke tun yana ƙaras-ƙaras. Na gwada gasa kabewa da yalo da jan tattasai a oben har gefensu ya yi ja, saboda gashi yana fito da zaƙin da ke cikinsu ba tare da an sa sukari ba. Salak ma na daina sa masa mayonis, ina haɗa yogot marar sukari da lemun tsami da barkono kaɗan in zuba a kan latas da kokwamba da tumatir, bayan na wanke su sosai da ruwa mai tsabta.

Duk wannan, abin da yake fara faɗa idan ya ɗanɗana shi ne abincin ya yi lami. Yakan cinye shinkafar da naman, ya ture kayan lambun gefen faranti da cokali, ko ya ce a miƙo masa gishiri ya barbaɗa har ya fi wanda na rage. Gasasshiyar kabewar ce kawai ya taɓa cinyewa, amma da na sake yi ya ce ya gaji da ita. Na gaya masa harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri idan aka jure na wasu makonni, ya ce shi ba yaro ba ne da za a koya masa cin abinci. Ba na ganin laifinsa sosai, domin mutumin da ya shekara da shekaru yana cin soye-soye ba zai sauya a dare ɗaya ba, kuma da an bar mu mu biyu na tabbata da ya fara saukowa.

Yayar tasa ce ta hana ruwa gudu. Tun farkon aurenmu ba ta taɓa yaba abin da ya fito daga hannuna ba, ko da kowa ya ci ya yi santi sai ta nemo abin kushewa, kuma ni ban taɓa mayar mata da magana ba saboda ina girmama ta a matsayin babba. Da ta ji labarin rashin lafiyarsa, maimakon ta tambaye ni abin da likita ya ce, sai ta fara aiko masa da abinci daga gidanta, soyayyen nama da miyar da mai yake kwance a samanta, gishiri kuwa kamar ba a san ciwonsa ba. Yana ci a ɓoye a wurin aiki, ni kuma ina gane haka idan ya dawo ya ce ya ƙoshi, sannan na'urar awon jini da muke da ita a gida ta nuna abin da ta nuna. Tana cewa ya rame, alhali likita da kansa ya ce rage ƙiba yana cikin maganin, kuma ya ji daɗi da ya ga nauyinsa ya ɗan sauka. Ta gaya wa dangi wai ina ɓoye kuɗin cefane ne ina sayen ganye mai araha. Wanda yake zuwa kasuwa ya san man zaitun da kifi da sabbin kayan lambu na kullum ba hanyar tara kuɗi ba ce.

Ranar da ta yi maganar akuyar, na turara alayyafo da albasa da tumatir, na yi salak ɗin kabeji da karas, na jera su kusa da shinkafa da kifi. Ta buɗe kwanon, ta ɗaga ganyen da cokali ta nuna wa mutane, ta yi dariya, sannan ta faɗi abin da ta faɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maigidana yana zaune bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai kawai yana duba wayarsa. Ni ce na kwana a kansa lokacin da jiri ya kayar da shi, ni ce nake tuna masa magani safe da dare, ni ce nake rubuta awon jininsa a littafi domin mu kai wa likita, kuma a duk wannan ban ga yayar tasa ta raka shi asibiti ba. Mahaifinsu shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi har Allah ya karɓi ransa, ita ma ta ga wahalar da aka sha, shi ya sa na kasa gane yadda take ɗaukar gishiri da mai tana ba ƙanenta da sunan ƙauna.

Akwai wani abu da ya kamata in ambata tun da farko. A zuwanmu na ƙarshe likita ya ce yana so a duba lafiyar ƙodarsa, saboda hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma har yanzu maigidana bai je an ɗebi jinin ba. Wannan ya jefa ni cikin wani tsoron daban. Na san sinadarin potasiyam da ke cikin alayyafo da tumatir da kabewa yana taimaka wa mai hawan jini, amma na kuma san idan ƙoda ta yi rauni ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata, sai ya taru a jini ya taɓa bugun zuciya. Wata maƙwabciyata ta ba ni shawarar in sayi gishirin nan da ake sayarwa don masu hawan jini, da na karanta jikin robar sai na ga an maye gurbin wani kaso na sodiyam da potasiyam, kuma wasu magungunan hawan jini su ma suna sa potasiyam ya taru a jiki. Na ajiye shi ban yi amfani da shi ba. Yanzu duk lokacin da na ɗora alayyafo a wuta sai gabana ya faɗi, ina tunanin idan sakamakon gwajin ya zo da matsala, yayarsa za ta ce ga shi nan, ganyen da na ɗura masa ne ya jawo.

Yaran ma sun fara kwaikwayon babansu. Ƙaramar da a da take ɗaukar ɗanyen karas tana gwagwiya yanzu cewa take abincin marasa lafiya ne, domin ta ji gwaggonta tana faɗa. Ni kuma burina shi ne gidan gaba ɗaya mu ci iri ɗaya, kada ya ji an ware shi da kwanonsa kamar wanda ake hukuntawa, kuma su taso da sabon cin kayan lambu tunda ciwon yana bin dangi. Na yi tunanin in riƙa goga karas da kabewa in ɓoye su a cikin miya, ko in yanka kabeji da koren wake ƙanana in cuɗa da shinkafa yadda ba za a iya tsince su ba, amma ban sani ba ko yin hakan zai kai rabin farantin da likita ya zana, kuma ba na son ya gano ya ce ina yi masa wayo a abinci, musamman yanzu da ake neman abin da za a kama a kaina.

Don haka Malama, ina roƙon ki da ke da likitocin da kike gayyata ku faɗa mini waɗanne kayan lambu ne suka fi dacewa da mai hawan jini da sukari kafin a san halin da ƙodarsa take ciki, da kuma kayan ƙamshin da zan haɗa su da su, bayan tafarnuwa da citta da lemun tsami, domin su yi daɗi ba tare da gishiri mai yawa ba. Ina so in san ko kayan lambun da ake sayarwa a daskare suna da amfani kamar sabbi, da kuma ko wanke na gwangwani da ruwa yana rage gishirinsu yadda zai iya ci. Amma abin da ya fi hana ni barci shi ne yadda zan yi da yayarsa. Shin in je in same ta da takardar likita a hannuna, alhali na san za ta ce na yi mata rashin kunya, ko in kai maganar wurin mahaifiyarsu wadda ita ma ba ta da cikakkiyar lafiya, ko kuwa in matsa wa maigidana ya tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita? Kuma ta yaya zan nuna masa cewa shirun da ya yi a gaban baƙi ya ƙona mini rai, ba tare da maganar ta zama rigimar da za ta ƙara tayar masa da jini ba?

Ina roƙon a sakaya sunana idan za a karanta wannan wasiƙa, domin danginsa suna sauraron shirin. Allah ya saka miki da alheri.

Taki,
Wata mai sauraro