Wasiƙar godiya zuwa ga ma'aikatan shagon intanet na hanyar kasuwar Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidan shagon intanet ɗin nan da muke kira siber, wanda ke kan hanyar babbar kasuwar Tawa, da samarinsa biyu masu zama gaban kwamfuta, da ƴar budurwar da ke kula da injin fotokofi. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri da jama'a. Malam, na nemi izininka in sa sunanka da na shagon a cikin wannan takarda, ka ce a'a, ba don a sani kuka yi ba. Na bi maganarka. Amma yin shiru gaba ɗaya ba zan iya ba, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Mutanen unguwa kuwa sun san ko su wa nake nufi.

Ni ɗan kasuwa ne, albasa nake saye a yankin Galmi in tura kudu. Faransancina na kasuwa ne, na iya karanta rasit da takardar kwastan, ban wuce nan ba. Irina muna da yawa a Adar, kuma mu ne iyayen yaran da yau ake ce wa su je su yi rajista a intanet. A zamanin da jami'a ɗaya ce tal a ƙasar nan, ta Yamai da aka kafa a 1971, uba kan sa dosiyen ɗansa cikin ambulan ya hau mota ya yi tafiyar kilomita sama da 500, ya miƙa wa mutum hannu da hannu. In akwai kuskure, mutumin zai nuna masa da yatsa. Yanzu muna da jami'a a nan Tawa tun 2010, wadda ke ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, alhamdu lillahi, tafiya ta ragu. Sai dai neman makaranta, da neman aiki, da aika kuɗi, har da shirin Umra, da yawansu sun koma cikin waya. Wayar kuma in ta ƙi ka, jan rubutu kawai za ta nuna maka ta yi shiru.

Abin da ya sami ɗiyata ke nan. Allah ya ba ta sa'ar bak, wato jarrabawar ƙarshen sakandare, ta ji labarin gurbin karatu kyauta a wata jami'a ta ƙasar waje, ranar rufe karɓar takardu kuma ta matso. Sharaɗin farko shi ne ta buɗe asusu a shafin makarantar, shafin kuma ba ya buɗuwa sai da adireshin imel. A nan aka tsaya cik, domin imel ɗin ya ƙi buɗuwa da lambar wayar da ta sa. Duk wanda ta nuna wa wayar da irin tasa fatawar. Wani ya ce reso ne, wato sabis ɗin waya, wani ya ce wayar ce ta tsufa, wani kuma ya ce a ba shi jika biyu zai buɗe mata da lambarsa cikin minti biyar. Yarinyar da ta kwana da littafi shekara guda ta zauna ta haɗa kai da gwiwa, abinci ma ta daina ci sosai. Uwarta ce ta ce mu je wurinku.

Abin da ya fara burge ni shi ne saurayin da ya karɓe mu bai fizge wayar daga hannunta ba. Ya jawo mini kujera ya ce, "Baba, zauna nan kusa da fanka." Ita kuma ya ce mata, "Ƙanwata, sake yi a gabana yadda kika saba yi, ni kallo zan yi." Da jan rubutun ya fito, ya karanta shi da ƙarfi da Faransanci, sannan ya faɗa mana ma'anarsa da Hausa: an yi amfani da wannan lamba sau da yawa. Lambata ce. Ya tambaye ni ko akwai waɗanda suka taɓa buɗe imel da ita. Ai kuwa akwai. A gidanmu layina ne mafi daɗewa, don haka yayyenta da ƴaƴan maƙwabta duk da shi aka karɓar musu lambar tantancewa. Ya yi mini bayani cewa kamfanonin imel suna ƙayyade yawan asusun da lamba ɗaya za ta tsaya wa shaida, don hana masu buɗe asusun ƙarya barkatai su damfari mutane. Layina ya cika adadinsa, shi ke nan, ba wayar ba ce kuma ba reso ba ne.

A nan ne nake son in daɗe, domin nan ne na gane irin tarbiyyar da ka yi wa yaran nan, Malam. Hanya mafi sauƙi ita ce ya sa tasa lambar, saƙon ya shigo wayarsa, ya buga, mu biya mu tafi muna sa masa albarka. Ni da kaina na roƙe shi ya yi hakan saboda ganin lokaci. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, a nan ba ma yin haka. Wanda lambarsa ke kan asusu shi ne mai asusun. In ta manta kalmar sirrinta bayan shekara biyu tana can wata ƙasa, wayata za a aiko wa maɓuɗin, ni kuma ƙila na canja layi, ƙila na tafi biɗa Abidjan. Amsar makaranta da duk takardunta za su zama a hannun wani." Ya ƙara da cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya karɓe shi ya sayar wa wani, sabon mai layin kuma zai riƙa samun saƙonnin da ba nasa ba. Sai ya tura mu muka yanko mata layi da katin shaidarta, da sunanta. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin na san yara da dama a garin nan da suka rasa Facebook ɗinsu da imel ɗinsu ta wannan hanya, wasu har aka yi amfani da sunansu aka roƙi danginsu kuɗi.

Da sabon layin imel ya buɗe nan take. Muka koma shafin makarantar, sai ga wani ƙulli. An ce an aiko da lambar tantancewa, amma waya shiru. Ɗiyata ta ce ai tun a gida haka yake yi mata in ta gwada da imel ɗin ƙawarta. Saurayin ya matso da fuskarsa kusa da gilashin, ya nuna mata wani ɗan ƙaramin akwati a gefen lambar. A jerin ƙasashen, sunan Nijar da na Najeriya suna maƙwabtaka kamar yadda suke a ƙasa, ɗaya na bin ɗaya, yatsa kuma ya fi rubutun girma. Akwatin yana kan 234 na Najeriya, alhali namu 227 ne. Ya ce mata ta riƙe wannan: layin Nijar, ko na Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms, lambobi takwas ne bayan 227, ba a ƙara masa sifiri a gaba, ba a barin fili a tsakani. Ni wannan na gane shi tun kafin ya gama, domin in ka ɗora buhun Abidjan a motar Kwatano, mai kaya zai yi ta jira a tasha har albasar ta ruɓe.

Ko da aka gyara ƙasar, shafin ya ce an rufe mu na ɗan lokaci saboda yawan neman lambar. Ɗiyata ta kai hannu za ta sake dannawa, ya ce ta dakata. Lambar tantancewa, in ji shi, mintoci kaɗan take rayuwa, kuma a mafi yawan shafuka in ka nemi sabuwa tsohuwar ta mutu. Mutum sai ya danna sau uku a jere, saƙonni su iso a makare, ya buga ta farko, a ce masa ba daidai ba ce, ya sake dannawa, injin kuma ya ɗauke shi ɓarawo mai gwada maɓuɗai ya rufe ƙofa. Maganinsa jira ne kawai. Ya ce mu je mu yi sallah mu ci abinci mu dawo bayan la'asar, ya kuma tsayar da lissafin lokacin kwamfutar, bai sa mana jiran a kuɗi ba. Da muka dawo ta danna sau ɗaya, ta ajiye wayar a kan tebur kamar yadda ya ce, can sai ta yi ƙara.

Sauran ƙananan abubuwan ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da gajiya ba. Wurin ranar haihuwa yana son a fara da wata kafin rana, irin tsarin Amurka, ita kuwa tana sa 23 a gidan wata, watanni kuma 12 ne. Wurin suna ya ƙi karɓar harafin nan mai ɗigo biyu a kai da ake sa wa sunaye irin su Aïchatou, sai ya ce ta rubuta shi tsurarsa, amma ta tabbata jerin haruffan ya yi daidai da na takardar bak ɗinta. Wasiƙar tabbatarwa da muka yi ta nema a akwatin imel, ashe tana can cikin ɗakin da ake jefa tarkacen talla. Ƴar budurwar nan taku kuwa, Allah ya yi mata albarka, ita ta ɗauki hoton takardun da injin, ta rage musu nauyi har shafin ya karɓa, tana yi tana nuna wa ɗiyata inda take dannawa.

Da aka zo kalmar sirri, saurayin ya tashi daga kujerar ya juya mana baya yana kallon titi. Kafin ya juya ya faɗa mata ƙa'idar: kada ta gaza haruffa takwas, ta haɗa babban baƙi da ƙarami da lamba da alama, kada ta sa sunanta ko shekarar haihuwarta. Ya kuma ja mata kunne cewa allon rubutun kwamfutocinku tsarin Faransa ne, inda A ke zaune a gurbin Q, lambobi kuma sai an danne maɓallin babban baƙi suke fitowa, don haka ta danna ɗan hoton idon da ke gefen akwatin ta ga abin da ta rubuta da idonta kafin ta tabbatar, kada gobe ta gwada a waya ta ga ya ƙi. Ta rubuta a takarda ta ninke ta sa a jaka. Da muka gama ya sa ta fita daga asusun da hannunta, ya goge abin da kwamfutar ta riƙe a gabanmu. Ni mahaifinta ban san kalmar ba har yau, kuma hankalina kwance yake da hakan.

Ina zaune ina jiran su gama, na ga yadda kake yi da wani yaro da ya zo daga wajen Keita. Takardar haihuwarsa ta kotu ce, irin wadda ake yi wa wanda ba a kai sunansa ofishin magajin gari ba lokacin da aka haife shi, kuma shekarunsa sun ɗan haura abin da ake nema. Ya roƙe ka a rage masa. Ba ka yi masa tsawa ba, ba ka kuma yarda ba. Ka ce masa abin da ke kan katinsa shi za a rubuta, domin ranar da za a nemi ganin takardun na asali, bambancin rana ɗaya na iya rushe dosiyen gaba ɗaya, ya kuma ɓata masa suna. Sannan ka zauna da shi kuna duba waɗansu wuraren da shekarunsa ba za su hana shi ba. Ya fita ba da fara'a ba, gaskiya, amma ya fita da sunayen wurare a takarda.

Akwai kuma takardar nan da ka manna a bango kusa da ƙofa, wadda ka rubuta da hannu: jan rubutun da shafuka suka fi nunawa, kowane da ma'anarsa da Hausa, da boko da ajami, da abin da mutum zai yi. Na ga wani dattijo ya tsaya yana bin ta da yatsa. Tun 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma ina fata masu gina shafukan hukumomi da na kamfanonin ƙasarmu za su kai ga sa irin wannan bayani a cikin shafukan kansu, su faɗa wa mutum abin da ya hana da kuma tsawon lokacin da zai jira. Kafin ranar ta zo, kai ka fara da biro da takarda, mu kuma muna amfana.

Kuɗin da kuka karɓa a hannuna, na lokacin kwamfuta da na ɗaukar hoton takardu, bai cika jika guda ba. Na ƙara wa saurayin wani abu na shan ruwa, ya dube ka, ka girgiza kai, ya mayar mini yana dariya. Albasar da na aiko da ita washegari dai ba ku da ikon mayarwa, wannan tsakanina da iyalinku ne.

Dosiyen ɗiyata ya shiga kafin a rufe, yanzu muna jiran amsa, abin da Allah ya zaɓa mata shi ne alheri. Ƙawayenta kan zo gidanmu da wayoyinsu, ina jin ta daga zaure tana tambayar su layin wa suka sa, tana ce musu su karanta mata abin da aka rubuta tukuna. Wanda ya fi ƙarfinta tana turo shi wurinku, don haka in kun ga ƴan mata sun yi yawa a benci, daga gidana ne, ku ƙara haƙuri.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a cikin sana'arku, ya tsare muku kayan aikinku daga wuta da ɓarayi. Allah ya ba samarin nan da ƴar budurwar nan nasu shagunan, ya jiƙan mahaifanka, Malam, ya raya maka zuri'a.

Wassalam.

Naku mai godiya,
wani uba, ɗan kasuwar albasa, Tawa.