Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Harkokin Cikin Gida na Ghana a kan zafin bazara

Zuwa ga Mai girma Alhaji Muntaka Mohammed-Mubarak, Ministan Harkokin Cikin Gida kuma ɗan majalisar Asawase.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne saboda Hukumar NADMO, wadda doka ta kafa a 1996 domin tunkarar bala'o'i, tana ƙarƙashin ma'aikatarka. Roƙona shi ne a sanya tsananin zafi cikin jerin bala'o'in da ƙasa take yi wa tanadi kafin su auku, kamar yadda ake yi wa ambaliya da gobara.

Ba na ganin laifin kowa idan hankalinmu ya fi karkata ga ruwa, domin wanda ya ga daren 3 ga Yunin 2015 a Accra, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu suka ci rayuka kusan 150, ko ya ga garin Mepe bayan sakin ruwan madatsar Akosombo a 2023, ba zai manta ba. Sai dai ambaliya tana barin shaida, a ɗauki hoto, a kai katifu da shinkafa. Wanda zafi ya kashe kuwa akan ce hawan jini ne, ko zuciya, ko tsufa, a yi masa sutura kafin la'asar, kuma babu littafin da zai nuna cewa ɗakinsa ya yi kwanaki bai huce ba. A bazarar 2024 wata dattijuwa a layinmu na Aboabo da ke Kumasi ta yanke jiki ta faɗi tana azumi, aka garzaya da ita asibiti, aka ƙara mata ruwa, aka sallame ta, ba tare da wani ya tambayi irin ɗakin da take kwana ba.

Mai girma Minista, kai ɗan zango ne, ka san ɗakunan nan: rufin kwano ba silin, taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabci, mutum biyar ko shida a ciki. Kwanon yana shan rana tun hantsi, bulo yana riƙe zafin har tsakar dare, kuma da yake iskar kudu tana ɗauke da laima, gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. Idan aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai a fito da tabarmi waje a miƙa wuya ga sauro. Abin takaici, sunan Kumasi kansa daga gindin itacen kum aka samo shi, amma yau kayayo, wato 'yar dako, za ta ɗauko kaya daga kasuwar Kejetia, ta yi tafiya mai nisa ba ta sami inuwar da za ta sauke numfashi ba.

Kada a ɗauka wannan zafin da muka saba ne. Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar cewa 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A ranar 3 ga Afrilun shekarar, ana cikin watan Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwa 102 a kwanaki huɗun farko na Afrilu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, musamman da yake garuruwan Wa da Bolgatanga da Navrongo na arewacin Ghana sun fi mu kusa da wannan yanayi, ga kuma sanƙarau da yake yawan ɓulla a can a daidai waɗannan watanni.

Mafi yawan abin da ake bukata ba ya cin kuɗi mai yawa. Hukumar Hasashen Yanayi ta Ghana tana iya ganin kwanakin zafi kafin su iso, amma sanarwar da ta tsaya a intanet da Turanci ba za ta kai ga mai sayar da koko ba. A tsayar da ma'auni sananne wanda idan zafi ya kai shi NADMO za ta yi shela da Hausa da Twi da Dagbani ta gidajen rediyo, a aika wa limamai da sarakunan zango, domin a gaya wa tsoho mai ciwon suga da mace mai ciki cewa shari'a ta yi musu rangwame a kan azumi. A kuma nemi Hukumar Lafiya ta Ghana ta riƙa rubuta zafi a matsayin sanadi idan shi ne, tunda ba a ware wa abin da ba a ƙirga ba kaso a kasafin kuɗi. Birnin Ahmedabad na Indiya ya fara irin wannan tsari tun 2013, Freetown kuma ta naɗa jami'a ta musamman a kan zafi a 2021, aka yi wa mata 'yan kasuwa rumfunan inuwa.

Ina roƙon a kammala wannan tsari kafin hunturu mai zuwa ya janye, a kuma fara gwada shi a Asawase da Aboabo, da kasuwar Kejetia.

Wassalam,
Wani mazaunin Aboabo, Kumasi