Jari kaɗai ba ya riƙe banki

Malam Edita,

Ina da tsokaci kan umarnin Babban Bankin Najeriya na 2024, cewa bankuna masu lasisin ƙasa da ƙasa su ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 500.

An yi makamancin haka a 2005, aka kai jari biliyan 25. Amma a Agustan 2009 sai da gwamnan Babban Bankin na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar rana guda, saboda basussuka sun maƙale. Da idona na ga 'yan fansho a layi tun da sassafe, riƙe da takardun cire kuɗi, hankali a tashe. Rashin iya riƙon amana ne ya jawo haka.

Ina roƙon a riƙa auna kowane shugaban banki da yawan bashin da ya bayar ya dawo, a wallafa sakamakon kafin a sabunta masa wa'adi.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano