Hattara da "alkoholfrei" a Berlin

Edita, barka da aiki. Ina zaune a Berlin, kuma unguwanni irin su Kreuzberg da Neukölln cike suke da ƙananan gidajen da ke dafa giyarsu da kansu, kowa da ɗanɗanonsa, har da mai lemo da mai kofi. Jamusawa dai na alfahari da dokar giya ta shekarar 1516 ta yankin Bavariya, wai da ruwa da sha'ir da hops (wani tsiro mai sa ɗaci) kawai za a yi giya. To abin da ya sa na rubuto, abokan aiki suka ja ni wani wajen suka miƙo min kwalba wai alkoholfrei ce, wato marar barasa, ba komai, ashe a nan irinta tana iya ɗaukar barasa har kashi 0.5 cikin ɗari. 'Yan uwa ɗalibai, ku duba ko an rubuta 0,0 (wato barasa kashi sifili) a jikin kwalba tukuna, ni dai ruwa na sha ranar.